Abin da Muka Tarar a Ƙarƙashin Bodin Motar Baba

Duk wanda ya tashi a layinmu na Aboabo, cikin Zangon Kumasi, ya san motar Baba ko da bai taɓa ganin ta a kan titi ba. Shekara da shekaru tana jingine da katangar gidanmu, tayoyinta sun sace sun nutse cikin ƙasa, katakon bodinta ya koɗe saboda rana da ruwan damina biyu da Allah yake bai wa ƙasar Asante kowace shekara. Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba, 'ya'yanmu sun yi wasan ɓuya a bayanta, matan gida kuwa sun mai da gefenta wurin shanyar tabarmi. Har kwatance ake yi da ita. In baƙo ya tambayi gidan wane, sai a ce masa ya miƙe har ya ga tsohuwar Bedford, sa'an nan ya karya dama.

Mu da aka haifa a gidan mun daina ganin ta tun tuni, kamar yadda mutum yake mancewa da tsagen da ke fuskarsa. Abin da ya buɗe mana ido shi ne ranar da 'yan gwangwan, waɗanda a nan muke ce wa 'yan kondem, suka yi sallama da yayanmu, suka zagaya ta sau biyu, suka ƙwanƙwasa nan suka leƙa can, suka yi mata kuɗi a kan nauyin ƙarfenta. Yaran nan 'ya'yan unguwa ne masu neman halal, kuma tayin da suka yi bai yi muni ba. Amma da labari ya kai ɗakin Inna, sai ta ce: "To, ashe a kilo za a auna mahaifinku." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Daren nan babu wanda ya ci tuwo da daɗi.

Washegari muka zauna a zaure, mu takwas da Baba ya bari, har da wanda yake Jamus, ta waya. Babbar yayarmu, wadda take riƙe da marayu, ta faɗi gaskiyarta: mota gado ce, tana da rabo a ciki, kuma ba ta ga dalilin zuba kuɗi a cikin tsatsa ba alhali kuɗin makaranta yana jiran ta. Babu wanda ya iya ce mata ta yi kuskure. Ƙaninmu na Hamburg, wanda unguwa ke kira boga kamar yadda ake kiran duk wanda ya zauna Turai, ya ce ya sha ganin yadda Turawa ke fito da tsofaffin motoci ranar Lahadi suna ƙyalli kamar jiya aka ƙera su. Ya yi alkawarin ɗaukar kaso mafi tsoka na kuɗin aiki, bisa sharaɗin a mai da ita daidai yadda ta baro Ingila. A ƙarshe malamin da ya raba mana gadon gida shi ya warware mana: a ƙiyasta ta a kan farashin da 'yan kondem suka taya, duk mai son rabonsa a biya shi, sauran su yi yadda suka ga dama da ƙarfensu. Muka biya mutum uku. Mu biyar muka wayi gari mun mallaki abin da ko motsi ba ya yi.

Kafin mai karatu ya ce hankalinmu ya taɓu, bari mu gaya masa ko wace ce wannan mota a wurinmu. Kakanmu Bakatsine ne. A ƙasa ya zo, yana kora jakuna cikin ayarin fataken goro. Tun kafin zuwan Turawa goron kurmin Asante yake tafiya kasuwar Salaga, inda fataken ƙasar Hausa ke jiran sa, shi ya sa har yau in Bahaushe ya ce Gwanja, goro ne ke zuwa masa a rai. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa wannan kasuwa, Turawan Ingila suka mallaki Asante, jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, sai fatake suka riƙa gangarowa bakin kurmin da kansu suna kafa zango. Zango dai masaukin ayari ne, wurin da ake kwana a tashi. Namu ya ƙi tashi, har ya zama gari a cikin gari. Abin da jaki ya yi wa kakanmu, shi mota ta yi wa Baba.

Da fam Baba ya saye ta, kafin a fito da sidi a 1965. Bedford ce ƙirar J, mai dogon hanci, irin wadda kamfanin Vauxhall na Ingila ya fara fitarwa a 1958. Yawancin irinta ba su zo ƙasar nan da bodi ba. Abin da jirgin ruwa yake saukewa shi ne shasi, wato dogon gadon ƙarfen da komai ke zaune a kansa, sai inji da tayoyi da hanci. Sauran duka aikin kafintocin gari ne: daɓe, bango, rufi, benci, da allon goshi da ake rubuta kirari a kansa. A wannan bodi na katako aka jera huhunan goro ba adadi, ta hau tsaunin Mampong da su tana nishi, ta ratsa Ejura, ta jira fito a Yeji, ta bi ta Salaga da Tamale har Bawku, ta dawo da albasa da wake da doya, gab da Babbar Salla kuma da raguna. Da guminta aka biya mana kuɗin makaranta, da shi Baba ya sauke farali, kuma amaren layinmu da yawa a bayanta aka kai kayan ɗakinsu.

Wurin da za a kai ta bai zama abin muhawara ba. Mutumin Kumasi ba ya tambayar inda ake ta da mataccen ƙarfe, ya san Suame Magazine, a bakin hanyar Offinso. Sunan ya samo asali ne daga wata ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawa, wadda makanikan farko suka kafa rumfunansu kusa da ita. Da aka mayar da su Suame sai sunan ya bi su. A yau ana lissafa wurin cikin mafi girman matattarar masu sana'ar ƙarfe a Afirka. Dubban makanikai, masu walda, masu bugun bodi, masu narka ƙarfe, masu sayar da kayan gyara, kowa da lungunsa. Ƙasar wurin baƙa ce saboda baƙin man shekaru, ƙarar guduma kuwa ba ta yankewa sai dare.

Sai dai samun wanda ya san Bedford ya fi ƙarfin tambaya ɗaya. Samarin yanzu na'urar kwamfuta suke jona wa mota ta faɗa musu ciwonta. Sai da muka yi kwana uku muna shiga lungu muna fita kafin a nuna mana wani dattijo Ba'asante, zaune a kan tsohuwar kujerar mota yana kallon yaransa suna aiki. Kowa Masta yake ce masa, mu ma haka muka kira shi. Muka nuna masa hoto a waya. Ya daɗe yana kallo, ya sa aka ƙara masa girman hoton wajen lamba, sa'an nan ya ɗago ya ce da Hausarsa ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji: "Motan nan, ni na san shi. Ku ne 'ya'yan Papa Kramo mai goro?" Kramo dai shi ne sunan da Asantawa ke kiran Musulmi. Ashe yana yaron shago, a hannun maigidansa wanda ya daɗe da rasuwa, motar Baba take zuwa gyara.

Ranar da aka zo janye ta, layinmu ya cika kamar ranar ɗaurin aure. Sai da aka haƙa ƙasa a gaban kowace taya, aka sa jak aka ɗaga, aka ɗaura tayoyin aro, sa'an nan wata babbar mota ta ja ta da sarƙa. Inda ta tashi ya bar wani dogon tabo a ƙasa, ciyawa ba ta taɓa fitowa a wurin ba. Inna ta tsaya a bakin ƙofa har aka sha kwana da ita.

Sharaɗin Masta na farko shi ne ba za a taɓa fenti ba, ba za a sayi komai ba, sai an kwance ta duka an ga ƙashinta. Ya ce mai gyaran tsohuwar mota daga waje kamar mai shafa wa kuturu hoda ne. Ya sa ɗaya daga cikin 'ya'yanmu ya ɗauki hoton kowane ɓangare kafin a sa masa sufana, ya kuma sa muka tara gwangwanayen madara da na Milo, kowane da takarda a jikinsa, domin kada notocin ƙofa su gauraya da na birki. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Notocin motar Ingila ta wancan zamani a kan ma'aunin inci aka yi su, na kasuwar yau kuwa yawanci na milimita ne, in ɗaya ya ɓata sai an sha yawo kafin a sami ɗan'uwansa.

Daga sama aka fara. Bodin katako yana zaune ne a kan shasi, wasu lanƙwasassun ƙusoshi sun rungume su tare. Tsatsa ta riga ta haɗe noti da ƙusa sun zama abu ɗaya. Aka yi ta jiƙa su da kananzir ana barin su su kwana. Wanda ya ƙi, a gasa shi da wutar gas har ya yi ja, a sa masa dogon sufana, mutum biyu su danna. Wanda ya ƙi wannan ma, a yanke shi. Mun zaci za a ɗaga bodin gaba ɗaya, amma da aka ɗaura sarƙa aka fara ja, sai ya wargaje a sama kamar busasshen kwando. Gara ta cinye cikin katakon tas, fenti kaɗai ke riƙe da siffarsa. Katakai huɗu ne suka tsira, na icen odum, wanda gara ke shakka, sai allon goshi. Muka tsaya muna kallon abin da muka yi shekaru muna kira motar Baba ya zama tarin ruɓaɓɓen itace, wani daga cikinmu ya juya baya don kada a ga idonsa.

A cikin ƙurar da ta zubo muka tsinci abubuwa. Busassun ɓawon goro, wani ƙaramin cokalin yara, laya ɗinke cikin fata a maƙale bayan allon agogo, da wani tsohon kwabo mai hoton Nkrumah. Bayan juyin mulkin 1966 an cire hotonsa daga kuɗin ƙasa, amma wannan ya faɗa tsakanin katakai ya zauna abinsa, babu gwamnatin da ta san yana nan.

Daga nan aka bi hanci. Aka cire bonet, aka kwance fukafukan da ke rufe tayoyin gaba, aka sauke lagireto, aka ware wayoyi, aka zare sitiyari. Sitiyarin a dama yake, domin lokacin da aka saye ta Ghana hannun hagu take bi kamar Ingila. Ranar 4 ga Agusta 1974, zamanin Acheampong, aka koma hannun dama, shekara biyu bayan Nijeriya ta yi nata canjin. Baba bai taɓa mayar da nasa sitiyarin ba. Karen motarsa ne ke leƙa masa hanya in zai wuce wata mota. Bayan hanci sai inji da akwatin giya, aka rataye su da sarƙa a jikin ƙarafa uku da aka kafa kamar murhu, aka ja su sama a hankali. Sa'an nan sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, sa'an nan aksul na gaba da na baya, sa'an nan sifirin, aka warware shi ganye-ganye.

Tun a nan burin ƙaninmu na Hamburg ya fara rushewa, domin duk abin da aka ciro sai Masta ya juya shi ya faɗi tarihinsa, kuma kusan babu wanda ya zo daga Ingila tare da motar. Da injin fetur aka saye ta, wanda muka tarar kuwa na dizal ne mai silinda shida, daga wata Bedford da ta yi haɗari. Lagireton na wata mota ce daban, an yi masa sababbin kunnuwa da walda. Cikin ganyayen sifirin akwai waɗanda maƙeri ya buga da hannu. Robobin da ke hana ƙarfe cin ƙarfe daga tsohuwar taya aka yanko su. Masta ya tuna mana ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, lokacin da kantuna suka bushe, kuɗin waje ya ƙare, ko fulogi ɗaya ya zama abin nema da roƙo. A 1983 fari da gobarar daji suka haɗu da korar 'yan Ghana daga Nijeriya, ƙasa ta shiga yunwa, kuma motocin da suka riƙa kawo abinci daga ƙauyuka irin waɗannan ne, suna tafiya da abin da hannun mutanen Magazine ya ƙirƙira. Ba mu kaɗai muka yi wa Bedford haka ba. A Sudan maƙera sun sake mata fasali har suna kiran ta Sifinja saboda laushin tafiyarta, a Pakistan kuma an mai da ita allon zane. Kamfanin ya daina ƙera manyan motoci a 1986, amma ƙarfensa ya ci gaba da rayuwa a hannun waɗanda ba su taɓa ganin Ingila ba.

Bayan mako uku shasi ya fito tsirara, aka ɗora shi a kan duro huɗu. Wanda bai taɓa gani ba zai yi mamakin rashin girmansa. Dogayen ƙarafa biyu ne kwance, wasu gajeru sun gitta tsakaninsu kamar tsani, an daddale su da ƙusoshin ribiti marasa noti. A kan wannan tsani rayuwar gidanmu ta hau. Yara suka kankare shi da burushin waya har ƙarfe ya fito. Masta ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi shi taku-taku yana bugawa yana saurare. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai tsawo, wanda tsatsa ta ci cikinsa kuwa sai ya yi shiru kamar an bugi buhu. Ya ɗaure zare daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ya auna, ya sake yi ta ɗaya gefen. In tsawon biyun ya zo ɗaya, shasi bai murɗe ba. Namu ya zo ɗaya, sai abin da ba a rasa ba.

A ƙarfen hagu, dab da inda sifirin baya yake rataye, akwai wani faci. Guntun ƙarfe ne mai tsawon kamu biyu, an yanko shi daga wani shasin, an ɗaure da ƙusoshi an bi da walda mai kauri, mummuna a ido. Masta ya ɗora tafinsa a kai ya yi shiru. Can ya ce shi ya riƙe wa maigidansa wannan ƙarfe, yana yaro, da fitilar aci-balbal a hannu guda, domin cikin dare aka yi aikin. Watan Disamba ne na 1969.

Duk ɗan Zango ya san abin da wannan shekara take nufi. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Mutanen da aka haifa a nan, waɗanda ba su san wani gida ba, suka wayi gari ana tambayar su takarda. Yarbawa, Hausawa, Zabarmawa, Mosawa, aka sayar da gidaje da rumfuna a farashin banza, tashoshi suka cika da mata da yara da ƙullin kaya. Mun tashi muna jin labarin a gidanmu ta fuska ɗaya: Baba ya kwashe maƙwabta ya kai su bakin iyaka saboda Allah, bai karɓi ko kwabo ba. Mun faɗa wa 'ya'yanmu haka, muna alfahari. Masta ya ce abin da ya sani shi ne motar ta yi ta zirga-zirga tsakanin Kumasi da Aflao ba hutu, da lodin mutane da kaya ninki biyu na abin da aka yi ta domin shi, har ƙashinta ya tsage a hanya, aka lallaɓo da ita.

Da dare muka shiga ɗakin Inna muka ba ta labarin facin. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce: "Sawu na farko kyauta ya yi shi, wannan gaskiya ne, domin mutanen layinmu ne. Sauran kuwa ya karɓi kuɗi, kuma kuɗin ya fi na kullum. Kowa ma haka ya yi. Kwanon rufin ɗakin nan da kuke zaune, daga nan ya fito." Ta ce shi kansa a tsorace yake, domin mahaifinsa Bakatsine ne, bai san ko gobe shi za a ce ya tafi ba, yana tara abin guzuri. Ta ce akwai wata mata da ta biya shi da tukwanen aurenta, ya karɓa, kuma har ya rasu bai yarda a dafa abinci a cikinsu ba. "Ku kuka mai da shi waliyyi," in ji ta. "Ni mijina mutum ne. Ku roƙa masa gafara, ya fi masa amfani da yabo."

Ba mu san abin da za mu ce ba. Mun kai mota a cire mata tsatsa, sai ga shi labarin gidanmu ne aka kankare. Amma da muka kwana muka tashi, sai muka ga Baban da muka samu a daren nan ya fi kusa da mu a kan wanda muka yi shekaru muna ba da labarinsa. Mun san tsoro, mun san neman na rufin asiri, mun san yadda alheri da son kai ke kwana a zuciya ɗaya.

Allon goshi ya ƙara mana shaida. Rubutun da muka sani a kansa tun muna yara shi ne "Haƙuri Maganin Duniya". Da mai fenti ya bi shi da takardar gogewa a hankali, sai wani rubutun ya ɓullo a ƙarƙashi: "Duniya Labari". Ya ƙara gogewa a gefe guda, ga na can ƙasa, da jan fenti da manyan baƙaƙe: "Yaro da Kuɗi". Inna ta yi dariya har da hawaye. Ta ce da wannan kirari ya zo neman aurenta, na biyun kuwa bayan an kwashe mutane ya sa aka rubuta.

Da ƙaninmu ya ji labarin faci, sai ya ce a nemi wani shasin mai lafiya a Magazine a saya, tunda akwai su, ko kuwa a cire facin a goge wurin har ya ɓace. Muka yi ta ja-in-ja a waya kusan wata guda. Hujjarsa ita ce masu tara tsofaffin motoci ba sa daraja abin da aka yi wa ƙari. Tamu hujjar ita ce in aka cire duk abin da ba na Ingila ba, abin da zai rage bai kai a kira shi mota ba, kuma ba Baba ne ya tuƙa shi ba. Motar da ta ciyar da mu ita ce wannan mai injin aro da sifirin maƙera da faci a haƙarƙari. Wadda ta baro Ingila ba ta san hanyar Yeji ba. A ƙarshe yayarmu, wadda ta riga ta karɓi rabonta ta fita, ita ta kashe maganar. Ta ce masa: "Kai da kake zaune a ƙasar wasu da takarda a aljihu, kai ne za ka goge wannan tabo?" Bai sake ta da zancen ba, kuma bai fasa aiko da kuɗi ba.

Masta dai bai bar ƙauna ta shiga aikinsa ba. Ya ce faci zai zauna, amma sai an ga abin da ke bayansa. Aka cire shi, aka tarar tsatsa ta yi gida tsakaninsa da shasi, tsohuwar tsagar kuma ta ɗan ƙara tafiya. Ya huda ƙaramin rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba, aka fafe bakinta, aka cike da sabuwar walda, aka goge, aka shafa jan fentin da ke kare ƙarfe daga tsatsa, sa'an nan aka mayar da tsohon facin a mazauninsa da sababbin ƙusoshi. Ribitin da suka yi sako-sako aka fitar da su aka sa masu noti. A kan birki kuwa ko saurarenmu bai yi ba. Bututu, roba, takalman birki, duka sababbi ya sa. Ya ce tsohon allo ba ya kashe kowa, amma birki ba a gadonsa. Wayoyin wuta ma haka, tayoyi ma haka.

Injin ya ƙame, fistocinsa sun liƙe saboda daɗewa. Aka zuba man dizal a cikin kowace silinda aka bar shi kwana goma, kullum a ɗan gwada juya shi, har ranar da ya yi wani ƙara ya saki. Aka buɗe shi, aka sa sababbin zobba da gaskit, aka kai famfon mai wurin masu gyaransa. Katako kuwa daga Sokoban muka sayo, inda aka mayar da kafintocin Anloga, kuma kafintan da ya karɓi aikin ya yarda zai saka katakan odum ɗin nan huɗu a cikin sabon daɓe.

Ranar da aka ta da ita ba ta da bodi tukuna. Shasi ne baƙi wul a kan sababbin tayoyi, da inji da hanci da wani benci da aka ɗaure wa direba. Aka jona batir, aka murɗa makulli, ta yi tari sau uku, ta fesa baƙin hayaƙi, ta kama. Yaran rumfunan maƙwabta suka bar aikinsu suka zo kallo. Muka kira Inna muka kara wayar kusa da injin. Ta saurara, ta ce: "Ita ce. Haka take yi in ya dawo daga Bawku da asuba, tun daga kan kwana nake jin ta in tashi in ɗora koko."

Yau saura fenti da rufi. Tsohon allo mun rataye shi a zaure yadda yake, rubutu uku suna leƙen juna. A kan sabon allo za a rubuta na ƙarshe, domin shi Baba ya bari. Tukwanen nan kuwa Inna ta sa an fito da su daga ƙarƙashin gado, ta faɗa mana sunan garin da matar ta ce za ta koma, kuma mun fara cigiyar zuriyarta ta hannun direbobin da ke bin hanyar.

Abu ɗaya ke damun mu. Masta ya haura saba'in, idonsa ya fara rauni, kuma cikin yaransa mutum ɗaya ne kawai ya tsaya ya koyi sauraren ƙarfe da guduma. Mun sa ɗanmu guda yana zuwa wurinsa kowace Asabar. Mai karatu, in akwai wani tsohon abu jingine da katangar gidanku, mota ce, keken ɗinki ne, ko akwatin kaka, kafin 'yan kondem su auna shi ka nemi dattijon da ya san shi, ka kuma zauna da tsohuwar da ke cikin gida. Ka shirya jin abin da ba ka zata ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa. Allah ya jiƙan waɗanda ya kai Aflao, da waɗanda suka riƙe masa fitila.